Ganye a Ƙofar Baba

Tiyamike ta san Baba ya hana. Da bakinsa ya faɗa mata, yana wanke hannu bayan sun gama cin nsima, tuwon masararsu: "Ku ɗauki gidan, ku ɗauki kajin, har ni ku ɗauka in kuna so. Amma ba mai shimfiɗa mini ganye a ƙofa alhali uwarki na kwance tana numfashi."

Ita kuwa fim take shiryawa, kuma ganyen nan shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Tsohon labari ne da suka karanta a makaranta har suka haddace: saurayi ya dawo daga aikin haƙar ma'adinai, ya tarar da ɗanyun rassa a kwance a hanya daidai ƙofar gidansu, ya gane uwarsa ta rasu tun kafin kowa ya buɗe baki. Tiyamike ta mai da shi na zamani. Nata saurayin daga Johannesburg yake, da jaka mai taya, da wayar da ya daɗe yana ƙin ɗagawa in an kira daga gida. Komai ta sauya banda ganyen, don har gobe haka ake sanar da mutuwa a garinsu Dedza. Mai keke ya sauka, mai hula ya cire.

Sai ta yi abin da 'ya'yan zamani suka iya, ta ce to, ta jira. Ranar da Baba ya hau keke zuwa asibitin gari karɓo wa Mama magani, ko kwana bai sha ba ta sa aka sari rassan mangwaro. Layin asibiti ba ya sakin mutum kafin yamma. A lissafinta, kafin ya dawo sun gama, sun share, ba wanda ya ji.

Matsalar ita ce Dalitso, ɗan wasan da ta kwaso daga birnin Lilongwe don kyan fuskarsa. Kyan kawai gare shi. Ya zo ya ga ganyen ya buɗe baki, ya sake zuwa ya dafe kai, rana tana ta hawa.

"Dalitso, uwarka ce ta mutu, ba mota ce ta tafi ta bar ka ba!" in ji Tiyamike.

"Darakta, wallahi ina jin abin a ciki."

"A cikin naka yunwa ce," in ji Kondwani mai kamara. "Fito mana da shi a fuska, mutumina."

Ana cikin haka Goggo Nangozo, ƙanwar Baba, ta shigo da gudu, zani a hannu, ta riga ta fara kuka tun daga rijiya da ta hango ganyen. Da aka ce mata wasa ne, sai kukan ya koma masifa.

"Wasa? Ke Tiyamike, karatun naki ke nan? Kin kira mutuwa ƙofar ubanki don ki ɗauke ta hoto?"

Ta sunkuya za ta kwashe rassan, Kondwani ya yi tsalle kamar an taka masa yatsa. "Goggo, don Allah kar ki taɓa! Ganye ɗaya ya motsa, hoton safe ba zai haɗu da na rana ba."

Haka dokar aikinsu take, abin da aka ajiye ba a taɓa shi sai an gama. Tiyamike ta dubi goggonta, ta dubi rana, amma ta bi bayan Kondwani. "Sau ɗaya ya rage, Goggo. Ɗaya tak."

Ta tura Dalitso bayan kwanar ya jira, ta duƙa kan ɗan allon kamara, ta ce a fara.

Wanda ya ɓullo daga kwanar ba Dalitso ba ne. Baba ne. Magani ya ƙare a asibiti, an ce ya dawo wani mako, ya juyo da wuri.

Daga nesa ya hango kore a hanya, ya sauka daga keke, ya cire hula, kamar yadda ya saba yi wa mamatan wasu. Yana tura keken a hankali, yana duban gidajen maƙwabta don ya ga na wa ne. Sai ya ga ƙofar da rassan suka tsaya. Ya ga ƙanwarsa a tsaye, idonta jawur.

Fuskar da Tiyamike ta wuni tana roƙo ta cika allon. Bai buɗe baki ba, bai dafe kai ba, tsufa ne kawai ya sauko masa lokaci guda. Abin takaicin da za ta mutu da shi shi ne ta gani, ta gane, amma bakinta ya yi jinkirin numfashi ɗaya, saboda hoton ya yi kyau.

"Baba! Wasa ne! Mama na nan lafiya!"

Ya riga ya saki keken. Ya kira sunan matarsa, "Nachisale," can ƙasa-ƙasa, ya kama ƙirji, ya durƙusa, ya kife a kan hularsa. Suka yayyafa ruwa, suka yi fifita, Kondwani ya danna ƙirjin har gumi ya jiƙa shi. Baba bai dawo ba.

Tiyamike ta rarrafa zuwa rassan tana fizgarsu da hannu biyu, tana kuka kamar cire su zai gyara wani abu. Goggo Nangozo ta riƙe mata wuyan hannu, ba faɗa, ba tsawa.

"Bar su, 'yata. Yanzu sun sami mai su."

Daga cikin ɗaki muryar Mama ta fito a raunane: "Tiyamike, na ji kamar ƙarar keken babanku. Ya samo maganin?"