Takalmin da Aka Ce na Turkiyya Ne

Kowa a unguwar su Mahbuba a Rabah ya san ɗanta Bilyaminu yana Turkiyya, yana aiki a wani kamfanin ɗinki. Haka ya faɗa ranar da ya tafi, haka kuma yake nanatawa duk sa'ad da ya kira da lambar nan da ba ta fitowa a waya. Da mahaifinsa ya kwanta ciwon ajali, Bilyaminu ya yi ta kuka a waya, ya ce fasfo ɗinsa na hannun ubangidansa. Aka yi jana'iza ba shi. Ita ce ma ta riƙa ba shi haƙuri.

Ana gab da babbar salla wani direba ya kawo mata saƙo daga gare shi: takalmin fata ja mai laushi, da 'yar takarda manne a ƙasansa. Maƙwabta suka karanta mata, wai a Turkiyya aka yi shi. Ta sa shi zuwa wani suna a Wurno, ruwan sama ya ba su kashi a hanya, maɗaurin ƙafar hagu ya ɓalle. Aka kwatanta mata rumfar Mode baduku.

Mode ya karɓi takalmin ya juya shi. Takardar ta jiƙe, ta kusa rabuwa. Ya sa farce ya ƙarasa ɗaye ta, sai ga 'yar tauraruwa da aka ƙona a jikin fatar.

"Inna, wanga ai aikina na," in ji shi. "Ga shedata. Hukuma ta ce duk takalmin da anka shigo da shi daga waje sai an rubuta ƙasar da anka yi shi. Shi ke nan mutane sunka samu abin yi, su buga takarda su liƙa ma namu."

Mahbuba ta ce wataƙila 'yan kasuwa ne suka fita da shi waje.

Ya girgiza kai. "A'a. Wani yaro na ya ba ni aikin, mai tabo bisa gira. Ya ce na mahaifiyarshi na. Yana gyaran injin ban ruwa can bakin madatsar Goronyo, ya daɗe wurin."

Ta san tabon. Ita ta wanke jinin ranar da ya faɗo daga kan jaki yana ƙarami.

Washegari ta hau motar Goronyo ba ta gaya wa kowa ba. Ta same shi tsugune a wata rumfar kara, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, ya yi ƙiba ma. Da ya ɗago ya gan ta, sai abin da ke hannunsa ya faɗi.

Ya fara bayani tun ba ta tambaya ba. Mutumin da ya yi alkawarin fitar da shi ya gudu ya bar shi a kan iyaka. Ya ji kunyar dawowa bayan duk addu'ar da aka raka shi da ita. Kullum cewa yake sai ya ɗan farfaɗo zai zo.

Ta bari ya gama. Sannan ta ce, "Ranar da anka kai babanka makwancinai, kana ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Ina nan."

"Har ya cika yana tambayata ko can ƙasar da sanyi, ko kana da rigar kirki. Mi kake so in yi da wanga bayani naka?"

Bilyaminu ya durƙusa yana neman gafara. Ta ce ya tashi ya wanke hannunsa, zai bi ta zuwa Rabah ya gaya wa baffanninsa gaskiya da bakinsa, don ita ba za ta ƙara ɗaukar maganarsa ta kai wa kowa ba.

Ya bi ta. Yanzu kowace Juma'a yana zuwa gida, tana zuba masa tuwo, tana amsa gaisuwarsa. Amma in ya fara ba ta labarin aikinsa, sai ta tuna da wani abu a madafi ta tashi.