Hannun Dokta Zulai'atu

Dokta Zulai'atu tana gyara zaman kwamfutarta a kan tebur aka banko ƙofar ɗan asibitin haƙorin da take aiki a Yelwa. Saura minti arba'in a kira ta ta bidiyo daga wani asibitin koyarwa a Ireland. Shekara uku ke nan, tun dawowarta daga karatu a Khartoum, take bin wannan gurbi na koyon tiyatar baki da muƙamuƙi. Ta zauna jarrabawar Turanci sau biyu, ta ci ta neman lasisi da kyar. Yau ce ganawar ƙarshe.

Wani ƙato ne ya shigo saɓe da mutum a kafaɗa, jini na ɗiga a bayansu.

"Likita, ki taimaka! Ƙanena ne, Tamada. Faɗa anka yi bakin ruwa kan tarun kamun kifi, Ɗangana ya maka mai filafilin jirgi ga baki."

"Malam Habibu, nan wurin haƙori ne," in ji Christiana, ma'aikaciyar jinya, wadda ta san shi a kasuwar kifi. "Ku wuce babban asibiti."

Zulai'atu ta riga ta durƙusa. Muƙamuƙin ƙasa ya karye gida biyu, harshe ya zame baya ya toshe maƙogwaro. Tamada yana kakari, leɓensa ya fara yin baƙi.

"Ba zai kai ba," ta ce. "Ku ɗora shi kan kujera, ku karkata shi."

Ta zuƙe jinin da na'ura, ta zaro gutsattsarin haƙora da yatsa. Ta soka allura mai kaurin zare a tsakiyar harshen, ta jawo shi waje. Iska ta shiga da wani irin fito. Ƙirjinsa ya ɗaga.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Christiana, kira motar asibiti."

Ba a kai ga kiran ba hayaniya ta cika ƙofa. Mutum huɗu suka afko da gorori. Na gabansu, gajere mai faɗin ƙirji, kunnensa ɗaya a tsage, jini ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ina shi ke? Ya yanke min taru, ya sari ɗan'uwana da adda, sannan a ɓoye shi nan?"

"Ɗangana, ka ji tsoron Allah," Habibu ya tare shi.

Gora ta sauka a goshin Habibu. Ya faɗa kan kabad ɗin magani, gilashi ya tarwatse. Ya yunƙura zai tashi, biyu suka rufe shi da duka da shuri har ya daina kare kansa. Christiana ta fice ta ƙofar baya tana kururuwa.

Zulai'atu ba ta motsa ba. Zaren na naɗe a yatsun hannunta na dama.

"Kauce, likita," in ji Ɗangana.

"Ba zan kauce ba."

Ya ɗaga gorar ya auno kan Tamada. Ta kifa a kansa, dukan ya sauka a bayan hannunta na dama. Ta ji ƙarar ƙashin kafin ta ji zafin. Zaren ya suɓuce, kakarin ya dawo. Ta cafko shi da hagu ta ja, hawaye na zubo mata ba tare da ta yi kuka ba.

"Dube shi," ta ce. "Zaren nan kaɗai ya riƙe shi. Ka ƙara ɗaya in saki, ka zama mai kisan kai a gaban idona. Na san sunanka."

Ɗangana ya dubi fuskar da ya farfasa. Ya tsaya yana haki. Daga waje aka ji ihun 'yan kasuwa da Christiana ta tara, suna tahowa. Ya tofar da yawu, ya yar da gorar, suka bi ta taga.

Sai da aka saka Tamada da Habibu a mota, ta danƙa zaren a hannun malamin asibitin da ya zo da motar, sannan ta yarda Christiana ta ɗaure mata hannu da katako da bandeji.

"Anti, mu je a ɗauki hoton ƙashin," in ji Christiana.

"Bayan na gama."

Ta sake mayafi, ta zauna gaban kwamfutar, ta makara da minti goma sha biyu. Likitoci uku ne suka bayyana a fuskar kwamfutar. Ta ba da haƙuri, ta aje hannun a cinya ƙarƙashin tebur. Ta amsa tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, gumi na bin bayanta. Shugabarsu, wata dattijuwa mai furfura, ta yi murmushi ta ce amsoshin sun gamsar da su.

"Tambaya ta ƙarshe, Dokta. Akwai abin da zai hana ki fara shiga ɗakin tiyata a watan Janairu?"

Zulai'atu ta gwada motsa yatsunta a ƙarƙashin tebur. Uku suka amsa. Babban yatsa da manuniya ko gezau. Ba wanda ke gani. Kalma ɗaya, "babu", ta isa ta raba ta da tambayar.

"Dokta? Kina jinmu?"

"Ina ji," ta ce.

Ta tallafo hannun da hagu, ta ɗora shi a kan tebur, daidai inda za su gani.