Shaddar Malam Daudu

A daminar da amai da gudawa ya addabi Safana, shugaban ofishin su Hansatu ya ɓullo da shirin kula da lafiyar ma'aikata. Aka girke bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, aka kuma ɗora wa Hansatu, akawun ofis, alhakin bin kowa da safe ta tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa.

Ba wanda ya riƙe shirin hannu bibbiyu kamar Malam Daudu masinja. Shi ke cika bokiti tun kafin kowa ya iso, ya tsare ƙofa, babba da ƙarami sai an wanke hannu. Iyalinsa suna Yasore, can ƙasar Batsari, sai ranar Juma'a yake leƙa su. Duk sanda Hansatu ta ce, "Baba, ya mutanen gida?" sai ya amsa, "Mun gode Allah, 'yata."

Da shirin ya cika wata guda, shugaba ya tara ma'aikata a gindin dalbejiya, ya miƙa wa Malam Daudu kyautar shadda. Ana cikin tafi shugaba ya ce masa ya gaya wa jama'a abin da ya sa ya dage haka.

Malam Daudu ya jima yana juya shaddar a hannu.

"Yallaɓai, makon da aka fara wannan abu, na isa gida na tarar an riga an kai Hussaina, autata, makwancinta. An yanke sabis ɗin waya, ba wanda ya iya kirana. Washegari uwarta Ramatu ta bi ta, duk amai da gudawan nan ne. Shi ya sa."

Wani ya ja salati, shugaba ya zame ya zauna a kan benci, baki buɗe. Hansatu ta matso kusa da Malam Daudu.

"Baba, ai kullum ina tambayarka!"

"Kina tambaya kina tafiya, 'yata. Na ga mutane da yawa na jiranki."

Ranar ba a ƙara taɓa aiki ba. Da gari ya waye suka cika a-kori-kura suka nufi Yasore ta'aziyya. Hansatu ta shiga wajen mata, ta durƙusa gaban mahaifiyar Ramatu, ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, kuka ya riga ta. Tsohuwar ce ta koma tana ba ta haƙuri.