Likkafanin Mma

…to in ba haka ba, me ya hana ta aiko a karɓa? Shekara uku cur likkafanin Mma yana ƙasan akwatin 'yarta Safara'u, ko sau ɗaya ba ta turo a amso mata ba. Tukunyar da ta ara mata, an zo an karɓa. 'Yan kunnen kaka, an karɓa. Har mayafin idi mai bakin zare, an karɓa. Amma likkafani — shiru. Wa ke manta likkafaninsa? Balle Mma, Hajiya Salimatu mai koko, wadda ta san adadin cokulan gidanta ko cikin barci aka tashe ta.

Da gangan ta bari. Zare ɗaya ne ta ƙi tsinkewa. Dole haka ne… dole.

Ga shi nan a cinyarta cikin baƙar leda, yadi goma sha biyu. Ita kuma ga ta a kan benci, bakin ƙofar gidan da aka haife ta a unguwar Maamobi, kamar mai jiran layin likita. Da asuba Mma ta cika. Ana sallame azahar za a kai ta. A ɗaki na biyu daga dama mata suna ciki da ita, kuma da zarar an wanke, an naɗe, an rufe fuska, shi ke nan har abada. Abin da ta zo nema bai fi haka ba: ta shiga, ta miƙa yadin, ta ga fuskar.

Ba wanda ya kira ta. A waya ta gani — Ayisha, ƙanwarta ciki ɗaya, ta ɗora hoton Mma da 'yan fuskokin kuka guda bakwai a ƙasa. Bakwai. Ta ƙirga. Mai gyaran waya na bakin titi ma ya riga ta sanin uwarta ta mutu.

Tashi mana. Taku nawa ne? Zaure, famfo, igiyar shanya, ƙofa. Ashirin… ashirin da biyu in an kauce wa kwata. Ƙafa ta ƙi.

Ga shi ya zo. Abin. Daga ƙasan cibiya yake farowa, ya hau, ya shaƙe wuya, yatsu su yi sanyi, zuciya ta kama dakan fufu — dum, dum — kamar ƙarti biyu a turmi ɗaya. Tun tana shekara tara suke tare. Ta sha rubutu har harshenta ya yi baƙi, an turara ta har gashinta ya ɗauki ƙauri, malami ya ce iska ce, nas ta ce ba komai, Mma ta ce sangarta. Sai ranar da ya kayar da ita a ƙarƙashin keken ɗinki, a shagon da take koyon aiki, Madam Dede mai shagon ta durƙusa da wannan ƙaton jikin nata, ta kama hannunta ta ɗora mata a ƙirji, da Hausarta ta kasuwa wadda ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba: kai Safara, kar ka ce ba ka jin tsoro, ƙarya ne. Faɗa wa Yesu sunan tsoron. Ɗaya-ɗaya. Ka miƙa masa kamar yadda ka ke miƙa wa kwastoma kaya, ka cire hannu.

Ta miƙa. Ya karɓa. Wannan ne abin da ba wanda ke son ji a gidan nan — ya karɓa. Ranar ta yi numfashi har ƙasan ciki, karon farko tun tana yarinya. Ba miji aka yi mata alkawari ba, ba biza ba, duk da abin da ake faɗa a layi. Numfashi kawai. Me za ka ce wa wanda bai taɓa rasa numfashi ba?

Hannu a ƙirji, ƙarƙashin mayafi. Babu sarƙar gicciyenta. Ta cire gicciyen tun a trotro, motar haya, ta ƙulle a bakin zani kamar goro… Yesu, ka gani, ko? Ka ga na ɓoye ka. Yi haƙuri. Yau kawai.

Yesu, ina tsoron su kore ni a gaban mutane. Riƙe.

Mutanen kuwa ga su nan ƙarƙashin rumfa, a kan kujerun roba, suna kallonta da gefen ido suna jan carbi. Waccan mai haƙorin Makka tana kuka da ido ɗaya, ɗayan yana bin kular abinci. Ayyo Salimatu, ayyo ƙawata — hanci, fyat, a gefen mayafi — jiya-jiya fa muka… ke, miƙo min ruwan nan mai sanyi. Safara'u tana jin muryar tana haɗuwa a maƙogwaronta, daidai, har da 'yar rawar da ke ƙarshen ayyo. Ta cije leɓe. A gidan makokin uwarta! Me ke damunta?

Mma ce ta ɓata ta. Yi min Amama, in ji ta, tana dama gasara da muciya, hayaƙi yana sa ta hawaye. Sai Safara'u ta turo ciki gaba, ta karkace baki, ta yi tafiyar agwagwa ta Hajiya Amama, ƙanwar Mma, tana sallama tun daga zaure da muryar mai tallan kifi. Yi min ladan. Yi min mai gida ranar da famfo ya fashe. Yi min ni. Ta yi mata ita — yadda take jan numfashi ta hanci kafin ta yi faɗa, yadda take cewa ke 'yar nan — Mma ta saki muciya ta zauna daɓas tana riƙe ciki. Shaiɗaniya, in ji ta. Wallahi shaiɗaniya na haifa.

Lokacin wasa ne.

Yesu, ina tsoron ni na kashe ta. Hawan jini, aka ce. Da ma tana da shi… tana da shi tun kafin — ko ba ta da shi? Yaushe ta fara shan ƙwayar nan fara? Kafin ne ko bayan? Riƙe. A'a, dakata, bari ta tuna. Kafin ne. Bayan ne. Riƙe dai, riƙe.

Mma ba ta yi ihu ba ranar da ta faɗa mata ta bi Yesu. Da ma ta yi. Safara'u ta shirya wa mari, ta shirya wa tsinuwa, har ta zaɓi kuncin da za ta juya. Mma ta saurara har ƙarshe, ta ce to, ta tashi ta ɗaura alwala. Washegari kayanta suna zaure a ɗaure, tsaf, an ma ninke mata su. Bayan sati guda ta kasa haƙuri, ta zo ta shiga layin koko kamar kowa, mutum shida a gabanta, biyar, huɗu… Mma ta ɗago. Ta dube ta kamar yadda take duban direban da ya tsaya sau ɗaya ba zai dawo ba. Ludayi a hannu.

Da sikari ko babu?

Uwar da ta san cokali biyu da rabi ne tun tana goye.

Amma likkafanin yana cikin kayan da aka ɗaure! Wannan fa? Hannun wa ya ɗaure kayan? Hannun Mma. To ta gan shi. Ta gan shi ta bar shi. Ita da ta ɗauko shi tun daga Makka, ta tsoma a zamzam, ta shanya a can, ta hana kowa taɓawa. Ke ce tela, ke za ki yanka, in ji ta. Kada ki bar Amama ta sa masa almakashi, layinta karkatacce ne kamar bakinta. Ta miƙe a tabarma ta rufe ido ta ce gwada ni. Safara'u ta ja tef daga ka zuwa dunduniya, gawa tana ƙyalƙyala dariya. Sai ta ce ke ma kwanta. Tsawonsu ɗaya. Ko yatsa babu tsakani.

Ana fito da bokiti. Ana shiga da wani. Ƙamshin kafur ya iso har benci.

Tashi. Yanzu. Bari dai zuciyar ta ɗan sauka, kada ta je ta zube a tsakar gida su ce aljanun coci ne suka tashi. Saura kaɗan. Saura tsoro biyu ta miƙa.

Yesu, ina tsoron firij na ajiye gawa. Kada ka yi dariya. Wata huɗu mahaifin Madam Dede ya yi a ciki, ana jiran 'ya'ya daga Turai, ana buga riguna da hotonsa. Da aka fito da shi an shafa masa hoda, an sa masa kwat da farin safar hannu, an zaunar da baƙi suna wucewa suna kallo — baƙi! Ita da ta tashi inda ake mutuwa da safe a kwana a ƙasa. Wa zai wanke ta? Wa zai juya ta dama kafin hagu, ya rufa mata asiri da zani, ya ce sannu kamar tana ji? Madam Dede ta ce jiki ai riga ne, Safara, kai ba ka ciki. Gaskiya ne. Ta yarda. Amma tela ce ita. Ta san riga ma ana ninke ta da mutunci. Riƙe.

Na ƙarshen kuma… na ƙarshen ba shi da suna. Yana da shi, ita ce ba ta iya faɗa. Mma ta tafi wani wuri yau da asuba. Ita ma za ta tafi wani wuri. In hanya biyu ce — in ɗayarsu ce ta — Yesu, ka san ta ai. Ka san marayu nawa suka karya da kokon nan ba a tambaye su komai ba. Ka san… A'a. Wannan ba zai miƙu ba. Hannu ya ƙi sakinsa.

Inuwa ta rufe ta. Silifa jiƙaƙƙu, zani a ɗage zuwa ƙwauri, hannuwa a jiƙe har gwiwa. Ciki a gaba. Hajiya Amama.

Safara'u ta zame daga benci ta durƙusa, ta ɗaga ledar da hannu biyu. Idon 'yan rumfa ya dawo kanta. Har carbi ya tsaya.

"Inna, likkafanin Mma ne. Na Makka. Ta ce ni zan yanka."

Hajiya Amama ta goge yatsu a zani, ta buɗe leda, ta murza bakin yadin kamar mai taya kaya a kasuwa. Ta sunsuna. Ta ce lallai an adana, ko tabo babu, da ma hannunta akwai tsabta. A hankali take magana, da daɗi, muryar da take ajiye wa surukai.

"Ai ta sayi wani. Satin da kika tafi, ni na raka ta kasuwar Nima. Akoko ne dai, ba na Makka ba. Ta ce ya fi mata wanda ya kwana inda ya kwana."

Satin da… satin kokon ke nan. Kafin ludayin ko bayansa? Ta je kasuwa da safe ta dawo ta ce da sikari? Ko ta ce da sikari sannan ta wanke hannu ta tafi kasuwa?

"In shiga in gan ta, Inna. Daga bakin ƙofa ma."

"An rufe, 'yar nan. Yanzun nan na ɗaure wajen kai." Ta ninke bakin ledar ta mayar mata a tafin hannu, har da ɗan dannawa. "Da kin shigo ɗazu wa zai hana ki? Uwarki ce. Muna hango ki ta taga. Muka ga kin dafe ƙirji bakinki yana motsi, muka ce a bar ta ta gama addu'arsu."

Ta juya. Tafiyar agwagwa, zaure, famfo, igiyar shanya.

Ƙarya take yi. Da sun tare ƙofa. Da Ayisha ta fashe da ihu, da an jawo ta da mayafi… ƙarya ne. Ko ba ƙarya ba? Taku ashirin da biyu. Awa guda da rabi tana zaune tana jera tsoro kamar mai jera maɓalli. Wa za ta tambaya? Wadda ta sani tana cikin akoko.

Gwiwa a ƙasa har yanzu. Kwata tana wucewa kusa da yatsun ƙafarta, ruwa fari-fari mai kumfa, mai ƙamshin kafur — daga ɗaki na biyu yake fitowa. Ya taɓa ta. Ba ta janye ba.

Hannu a ƙirji. Shiru. Masu dakan sun ajiye taɓare sun tafi. Numfashi yana shiga har ƙasan ciki, yana fita, lafiya lau, kamar ranar farko a ƙarƙashin keke. Ta laluba ta nemi abin miƙawa — kora, firij, hawan jini — babu kowa a gida. Yesu, wannan ce salamar? Kai ka karɓe, ko dai ba abin da ya rage ne? Kana nan? Kana nan. Ta san kana nan. To riƙe… riƙe ni ɗin gaba ɗaya, ban san sunan wannan ba.

Yadi goma sha biyu. Tsawonsu ɗaya.

Abu ɗaya dai ta iya a duniya fiye da ɗinki. Ba wanda zai ji. A ciki za ta yi, can ƙasan wuya. Kalma uku kawai. Ta ja numfashi ta hanci yadda Mma ke ja, ta sauke haɓa, ta nemo wurin da muryar take zama — na yafe miki, ke 'yar nan, faɗi mana, na yafe… Muryar ta zo. Ita ce sak, har da ɗan dusashewar hayaƙin itace. Ta buɗe baki, ladan yana gwada lasifika, maza suna miƙewa, ana shigo da makara ta zaure.

Da sikari, in ji Mma, ko babu?