Gurbin Suna a Manhajar Na'ima

Na'ima dai in ta kafe a kan abu, sai dai a yi haƙuri. Tun tana jami'a aka san ta da taurin kai, kuma bai bar ta ba da ta dawo Birnin Kudu ta kama ɗan ofis tana haɗa manhajar rigakafi.

Aikin ba shi da wuya a baki. Uwa za ta kira wata lamba da ƙaramar wayarta, murya ta tambaye ta unguwarsu, da haihuwa ta nawa ce, da sunan jaririn. Shi ke nan an sa shi a jeri, duk ranar da allurarsa ta zo waya ta tuna mata. Aka yi gwaji a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, garin su Na'imar. Uwaye arba'in suka kira, ashirin da tara suka kammala, goma sha ɗaya suka kashe waya. Ga shi ranar Litinin za a rufe jerin.

Ranar Alhamis da hantsi ta buɗe kwamfuta ta rubuta wa mataimakinta, wato ƙirƙirarriyar basirar nan da suke aikin tare: "Sabis ne yake katse su. Gyara mini yadda waya za ta sake kiran su da kanta."

Shi kuwa mataimakin nan, Allah ya yi shi da tambaya kamar tsohuwa ta ga baƙo. Ya amsa: "Zan iya. Amma in sabis ne, me ya sa duk sha ɗayan suka katse a wuri guda, daidai tambayar suna? Na kuma lura duk sun ce haihuwar fari ce. Ni ban san Farin Dutse ba, ke kika san ta. Akwai abin da zai hana uwa faɗin sunan ɗanta?"

Na'ima ta yi tsaki, ta fara rubuta cewa wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba, sai yatsunta suka tsaya.

Kai, jama'a! Ita ce za a tuna wa wannan? Ita da take 'yar fari? Shekararta ashirin da bakwai, ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta Hajjo ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta gidajen masu shanu: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye ta aka miƙa ta ga kakarta Dada. Ƙannenta kowa da sunansa, ita kuwa "ke" ce, in an yi nisa "yarinyar nan". Ta san al'ada ce, kowa ya sani. Amma sani bai hana abin yi mata ciwo ba, kuma can cikin ranta ta daɗe da yanke cewa Hajjo ba ta damu da ita ba, kunyar ta zame mata mafaka ne kawai.

Ta buga da ƙarfi: "Sunan dole ne. Su daure su faɗa. Yaro yana da haƙƙin ya ji sunansa a bakin uwarsa."

"Ba zan musa miki wannan ba," in ji mataimakin. "Tambayata ita ce, me manhajar take bukata, sunan ko hanyar gane yaron? In muka bar dolen yadda take, jarirai sha ɗaya ba za su shiga jeri ba. Wa dolen take yi wa amfani?"

Ta rufe kwamfutar garam. Ta zagaya ofis, ta sha ruwa, ta yi wa fanka faɗa don ba ta juyawa sosai. Haushinta ɗaya, abin ya faɗi gaskiya kuma ba shi da fuskar da za ta harara. Da la'asar ta buɗe, suka cire dolen, suka sauya tambayar. Mataimakin ya ƙara da cewa kada su yarda da zatonsu su biyu, gara a gwada wa wadda take riƙe da al'adar da gaske. Na'ima ta san mutum guda.

Asabar da safe ta hau bas zuwa Gwaram, daga nan ɗan acaba ya ƙarasa da ita. Ta tarar da Hajjo a gindin ɗorawa tana wanke ƙoren nono.

"Ke ce tafe?" Hajjo ta ce, ba ta ko ɗago sosai ba. "Kin rame. Akwai fura a ɗaki."

Bayan sun gaisa Na'ima ta fito da waya. "Inna, gwaji nake so ki yi mini. Ki amsa abin da za ta tambaye ki."

"Ni da na bar haihuwa tun yaushe?"

"Ki yi kamar yau kika haihu."

Hajjo ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar da yatsu biyu kamar za ta ƙone ta. Murya ta tambayi unguwa, ta faɗa. Ta tambayi haihuwa ta nawa. Hajjo ta juya wa 'yarta baya, ta ce a hankali, "Ta fari."

Na'ima ta zuba mata ido. Tana da ƙanne biyar, kowanne Hajjo za ta iya zaɓa.

Muryar ta ce: "Ba sai kin faɗi suna ba. Faɗa mana abin da za a gane ɗanki da shi."

Kaza ta zo ta leƙa ƙwarya, ba wanda ya kore ta.

"Mace ce," in ji Hajjo. "Ranar Laraba aka haife ta, da walaha, kwana biyu da saukar ruwan farko. Tana da ɗan tabo baƙi bayan kunnen hagu. Ba ta son a rufe mata ƙafa in tana barci, sai ta yi ta shure-shure. Ƙaiƙayin dawa yana sa ta tari, a kula. Haƙorinta na farko a sama ya fito, tana hannun kakarta ina wajen tatsa aka zo aka gaya mini, na bar saniyar na je na leƙa ta katanga. In ranta ya ɓaci ba ta kuka, sai ta ciji leɓe ta ƙi cin abinci, to kada a yi mata faɗa, a ajiye mata a kusa a tafi, za ta ci. Ranar da aka kai ta makaranta ta sa takalminta a juye, ni kuma ban iya..."

Wayar ta yi ƙara. "Lokaci ya cika. Mun gode." Daƙiƙa talatin Na'ima ta ware wa amsar, don a ganinta ba uwar da za ta wuce haka.

Hajjo ta dubi wayar da mamaki. "A'a, wannan wace irin mara haƙuri ce? Ai ban ma fara ba."

Na'ima tana tsaye, hawaye na zuba har wuyan rigarta, daɗi da kunya sun haɗe mata. Duk shekarun nan ashe ana kallonta ta katanga. Ta karɓi wayar, ta sake danna lambar ta miƙa.

Hajjo ba ta kalle ta ba. Ta gyara zama, bayanta ga 'yarta, ta kara wayar a kunne.

"Ta fari," ta ce. "Ina muka tsaya?"