Kyamarar da Abida Ta Aiko Daga Bawku

Ni dai da na buɗe kwalin na ce wannan yarinya ta raina ni. Kyamara kamar sabulun wanka, da ita zan ɗauki ubanta? 'Yata Abida ce ta aiko da ita ta hannun wani direba daga Bawku, inda take aure. Cikinta ya tsufa, ba halin ta hau mota ta zo Salaga. Shi kuwa Malam Sualihu, mijina, an sa masa ranar Laraba za a yi masa aiki a ciki a Yendi. Duk gidanmu babu hotonsa sai na katin zaɓe, wanda ya fito kamar an kama shi da akuyar wani.

"Mma, ki danna babban maɓallin nan na sama, shi ke nan," in ji ta a waya. "Na gyara miki komai."

Na fara gwada ta a kasuwa, a kan abokan sana'ata masu doya. Kai, abin ba raini! Ka taɓa ta, idonta ya zuro waje. Ka murɗa wani ɗan ƙarfe, ta jawo maka mutumin da ke tsallaken titi har ka ga gumin goshinsa. Matan suna ta shewa wai ni Atikatu na zama mai hoto, kyamarar kuwa tana ta ɗaukar su, ƙyat, ƙyat. Jan zanen Safura ya fito ja sosai, haƙorin Makkarta har da walƙiya. A cikin rumfa ne kawai, inda haske ya yi ƙaranci, hoton ke yin ɗan yashi-yashi.

Ranar tafiya da hantsi Malam ya sa babbar rigarsa fara, ya zauna a kujera a tsakar gida, ya dafa gwiwoyinsa, ya ɗaure fuska tamau. Shi a gidan malamai ya tashi, kuma a wurinsu dattijo ba ya buɗe haƙori gaban mai hoto.

Na danna. Shiru. Wani ɗan akwati ya kewaye fuskarsa a gilashin bayan kyamarar, amma ta ƙi ɗauka. Na sake dannawa. Na cire batir na hura na mayar, na matsa da shi inuwa, na dawo da shi rana. A banza. Sai daga baya Abida ta gaya min cewa ta saita ta ne don kada ta ɗauki mutum sai ya yi murmushi, wai tana son ganin babanta yana fara'a. Ka ji 'ya'yan zamani! A lokacin ni ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne ƙanensa Zulkarnain na waje da mota yana jira.

"Ƙyale ta, Atika," in ji Malam a hankali. "Wataƙila ta san mai tafiya ne."

Wallahi sai na ji raina ya ɓaci. Tsoron da nake ta haɗiyewa tun ranar da likita ya yi magana, shi ya fito a faɗa.

"Tafiya ina? Ka tafi ka bar ni da wa? Da kajin nan naka masu cinye min hatsi? Mutum ko inda hularsa take bai sani ba sai na nuna masa, shi ne zai kama hanyar lahira shi kaɗai! Ka je a yanka ka a ɗinke, ka dawo ka ci gaba da damuna!"

Ina faɗa ina hawaye, kyamarar na hannuna tana kallonsa. Sai ya fashe da dariya, irin wadda yake yi a ɗaki in babu ɗalibai, har giɓinsa ya bayyana.

Ƙyat!

Na juya gilashin, ya matso muka haɗa kai. Hoton ya ɗan karkace, hannunsa ɗaya da ya miƙo min ya fito dishi-dishi, amma fuskar tar take. Ga furfurar gemunsa ɗaya bayan ɗaya, ga idanunsa sun ƙanƙance da ruwa a ciki. Na san halinsa, don haka na ce, "Bari a goge, a sake na mutunci."

Ya riƙe min wuyan hannu. Ya daɗe yana kallon hoton, Zulkarnain na ta danna hon a waje.

"Ashe haka fuskata take in ina kallonki?" ya ce.

"Haka take, Malam."

"To kar ki goge. Ki aika wa Abida ɗaya, ki riƙe ɗaya har in dawo."