Randar Haliru Mai Kamu Huɗu

Mati ya yi suna a Karare da ginin randar siminti. Buhu yake ɗinkawa ya cika da ƙaiƙayin gero har ya yi zagaye kamar ƙwallo, ya naɗe da waya, ya shafe da siminti. In ya bushe sai ya zazzage ƙaiƙayin, randa ta fito. Mai kamu biyu yake yi a tsayi da faɗi, kaurin bango yatsa ɗaya, kuma ba a taɓa kawo masa ƙara ba.

Sai Haliru, wani Bafulatani makiyayi na Babban Duhu, ya ce yana son mai kamu huɗu don shayar da maruƙa. Mati ya ce wannan ai sauƙi: girma ya ninka, kauri ma ya ninka. Ya yi yatsa biyu. Ranar da aka cika ta, gindin ya tsage, ruwa ya kwashi kajin gidan har bakin garke. Haliru ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya ce dama ɗaya ta rage wa Mati. In ta sake fashewa, tankin roba zai sayo a Katsina, kuma kowa a ruga zai bi sahunsa.

Mati bai iya zama ba. Ya hau babur sai Safana, wurin ƙanwarsa Zuwairatu mai koyar da kimiyya. Ta saurare shi tana tsintar shinkafa, sannan ta ɗauko tsohuwar jarka, ta huda ta wuri uku da ƙusa, ta cika da ruwa. Hujin sama ya ɗiga a kasalance, na ƙasa kuwa ya yi feshi da ƙarfi har ya jiƙa masa wando. Ta ce haka ruwa yake: zurfi ya ninka, turinsa a gindi ya ninka. Faɗin randa kuma da ya ninka, bangon da ake turawa ya ƙaru, jan da ke neman raba shi ya sake ninkawa.

"Yaya, ninki biyu ne a kan ninki biyu. Yatsa huɗu za ka yi daga tsakiya zuwa gindi. Sama ka rage, can ruwa ba shi da ƙarfi."

"Malama, randa zan gina ko ganuwa?"

"Ka tambayi kajin Haliru."

Ya koma ya yi yadda ta ce, yana gunaguni. Kwana bakwai yana yayyafa wa sabuwar randar ruwa, ya lulluɓe ta da buhuna don kada rana ta busar da ita da gaggawa.

Ranar cikawa amalanke ta yi ta sawu tana kawo duro, matan ruga suka ja da baya da ƙoransu. Ruwa ya wuce rabi, ya kai wuya, ya tumbatsa. Mati ya durƙusa ya zagaye gindin da tafin hannu sau uku. A bushe yake ƙayau.

Haliru ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ya kasa kunne, ya ce, "Kaɗo, yau ka tsira." Ya sa aka damo fura da nono a babbar ƙwarya. Mati ya zauna ya jingina da randar, sanyinta na ratsa bayansa. Kafin ya kai ludayi na uku baki, ƙanen Haliru ya matso yana tambaya ko za a samu irinta kafin rani.